Zuwa ga Ɗan Gwaggo, Mai Ofishin da Gari Ba Ya Waye Masa Sai La'asar

Ɗan Gwaggo, bawana na gado,

Gaisuwa irin wadda muka saba: ni a kan kujera, kai a durƙushe. Ka gaida mini Gwaggo, ka ce ɗan wanta ya ce ta ƙara haƙuri, ba laifinta ba ne, gona mai kyau ma takan fitar da ƙuduji.

Na san na yi maka alkawarin ba zan tona wannan zance ba. To amma shaidun alkawarin su biyu ne, Baba maigadi da masinjanku, kuma kafin in kai tashar mota na tarar masu shayi suna ba ni labarin da ƙarin gishiri. Abin da ya riga ya shiga bakin masu shayin Daura ya wuce rufi, gara in rubuta shi daidai kafin a ce aljani ne ya ɗauki wayar.

Kai ka jawo. Tun da aka ɗaga ka daga akawu zuwa mai kula da harkokin ofis a wancan kamfanin naku na taki da iri da maganin feshi, ka buga kati mai ruwan gwal, ka sa lambar ofis, ka ƙara da "layin ciki 102". Ka raba wa dangi a wurin suna kamar goro. Ka kuma kafa doka cewa daga takwas zuwa huɗu ba ka ɗaukar wayar hannu, mai son ka ya bi ta ofis. Na bi doka. Tun bayan babbar salla nake bugowa daga Kano. Watan cika-ciki ya kama, na buga a kan maganar kuɗin shara, wadda muka shekara ashirin muna ja, kai ka ce ubangida ke ba bawa, ni na ce bawa ke kawo gaisuwa. Waya ta yi ta ƙara a kunnena har ta gaji ta yanke. Na sake, haka. In na same ka da dare a wayar hannu, sai ka rantse da girman Allah ko tari wayar ofis ba ta yi ba. Ni ma in rantse ta yi ƙara. Gwaggo ta ce lalle ɗayanmu zai yi kaffara, kuma daga yadda ta kalle ka na gane wanda take nufi.

Sai da na zo Sallar Gani na gane ashe babu mai kaffara a cikinmu, kuma wannan ne abu na farko da nake so ya zauna a kanka, in akwai wurin zama. Ƙarar da mai kira yake ji a kunnensa ba ƙarar wayar da ya kira ba ce. Na'urorin kamfanin sadarwa ne suke kaɗa masa ita don ya san an miƙa kiransa, ya kwantar da hankali ya jira. Ko wayar can ta yi kuka ko ta yi gum, shi dai zai ji nasa. Ka san yaron gidan da za ka ce ya yi maka sallama da maigida, ya leƙa soro na biyu, ya dawo ya ce "wai yana zuwa," alhali ko tsakar gida bai taka ba? To shi ne. Ni ina ƙofar gida ina jin "yana zuwa," kai kana ciki kana gyangyaɗi, babu wanda ya taɓa ka.

Ranar da aka koma aiki bayan hawa, da misalin sha ɗaya na safe, na shigo ofishinka. Teburinka kamar kantin sayar da waya: guda uku a jere, wata baƙa, wata fara, wata ruwan toka, an lulluɓe ta tsakiyar da ƙyallen leshi an ɗora mata furen roba. Na tsaya a gabanka na danna lambar, na buɗe lasifika. Tawa tana ta ƙirr, ƙirr, naka ukun nan shiru kamar an aiko musu da rasuwa. Ka ɗaga ɗaya ka kara a kunne, ka ce, "Ka ji, da rai. Kira tana kira lafiya lau, karɓa ce ba ta yi." Na ce wannan ai gado ta yi, ta san ta nema, ba ta san a neme ta ba.

Sannan ka jero mini binciken da ka yi wata uku. Da fari ka ce sabis ne. Da aka nuna maka wayar kowa tana aiki a cikin ɗakin, ka ce 'yan Nijar ne suke janye sabis ta Kongolam. Da wannan ta ƙi ci, ka koma kan tsamiyar bayan ofis, ka sa masinja ya yi hayaƙi har manaja ya fito yana tari. Daga ƙarshe ka yanke hukunci cewa waya ɗaya ce ta yi kaɗan, muryarta ba ta kai, sai ka sayo biyu ka sa aka jona su a layi ɗaya, wai in sun haɗa baki za a ji. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bari in gaya maka dalili, tunda makarantar da Kawu ya biya maka ba ta gaya maka ba.

Wayar girke ba da iska take ƙara ba, wuta ake aiko mata. In tana ajiye, layin yana ɗauke da wuta mai kwanciya, wajen bolt 48. In kira ya shigo, sai a turo wata mai kai-da-komo, wajen bolt 75 zuwa 90, tana juyawa sau 20 ko 25 a daƙiƙa, ita ce take kaɗa ƙararrawa. Kai ka fi kowa sanin wannan wuta, ko ka manta? Muna yara a gidan Kawu, ranar da ka ce kai injiniya ne, ka sa haƙori kana feɗe wayar tarho, aka yi rashin sa'a wani ya bugo daga Kaduna. Tsallen da ka yi ko dokin Gani bai yi shi ba, kuma kwana biyu kana cewa tuwo ɗanɗanon kwabo yake maka. To waccan wutar da ta wanke maka baki tana da iyaka. Kowace waya da aka rataya a layi tana ɗibar rabonta. Layin kamfani na da can yakan ɗauki huɗu ko biyar, amma ɗan akwatin ofis ba shi da wannan ƙarfi. Ka tara masa baki da yawa, sai ƙarar ta koma ƙugi, ko ta ɗauke gaba ɗaya. Tuwon mutum ɗaya ka kira mutum uku.

Ka ga ita ƙararrawar nan da ka raina, ba tare da ita aka haifi tarho ba. Lokacin da Alexander Graham Bell ya fito da abinsa a Amurka a 1876, babu abin da ke sanar da mutum ana nemansa, sai dai mai kira ya ƙwanƙwasa bakin wayar ko ya yi ta ihu, ko Allah zai sa wani yana kusa. Mataimakinsa Thomas Watson ne ya ƙera ƙararrawar, aka yi mata rajista a 1878. Wato ofishinka, da katinka mai ruwan gwal, kun koma baya da shekara kusan ɗari da hamsin, ba ku ko biya kuɗin mota ba.

Mu da muka ga zamanin kamfanin tarho na NITEL mun san darajar wannan ƙara. An kafa shi a 1985, kuma har zuwa 2001 layukan ƙasar nan kakaf ba su wuce wajen dubu 400 ba. Lambar kiran Kano a lokacin 064 ce, ta Katsina 065. Gidan da ke da tarho a unguwa ya zama gidan kowa. A bugo a ce, "Don Allah a kira mini wance, zan sake bugowa bayan minti goma," yaro ya zura da gudu, tsohuwa ta taho tana gyara mayafi, a zauna a kewaye waya ana kallonta kamar mai naƙuda. In ta yi ƙara har gaban mutum faɗuwa yake. Ba a taɓa jin wanda ya bar ta ta yi uku bai ɗauka ba. Daga watan Agustan 2001 da MTN da Econet suka fara, salula ta shiga aljihun kowa, igiyoyin kan turaku suka zama wurin hutun tsuntsaye. Yau ofis irin naku babu igiyar da ta shigo masa daga titi. Wani ɗan akwati ne mai eriya aka sa wa sim, shi yake kwaikwayon layin da, ya miƙa wa babban akwatin rarraba kira, wanda kuke ce wa intakom, shi kuma ya raba wa tebura.

Ban san wannan duka da kaina ba, kada in ci haƙƙin yaro. Wani saurayi na ɗauko daga bakin tasha, mai haɗa sola da gyaran irin waɗannan kaya. Ya zo da mita da sukudireba da wata tsohuwar wayar girke a leda, wadda duk ta fi naka ukun nan muni. Ka dube shi sama da ƙasa ka ce injiniyoyi sun duba sun kasa. Injiniyoyin kuwa kai ne da masinja. Yaron bai tanka maka ba, ya ce, "Alhaji, abu uku ne: ko layi, ko akwati, ko kan waya. A raba su, kowa ya faɗi nasa." Na ce ka ji alƙali, ba a haɗa shaidu a ɗaki ɗaya.

Ya fara da teburinka. Ya ɗage leshi, ya ajiye fure, ya juya wayar ya nuna mana wani ɗan maɓalli a gefe mai matsayi uku: kashe, ƙasa-ƙasa, da ƙarfi. Yana kan kashe. Ka ce mai shara ce. Mai shara tana bakin ƙofa da tsintsiya ta ce ita ko leshin ba ta taɓa ɗagawa ba, don ka ce na Dubai ne. Na so a tsaya nan in yi dariyata in koma Kano, amma da ya kunna na sake bugawa, shiru dai. Ya cire biyun da ka ƙaro, ya buɗe soket ɗin bango, sai ga tsatsa kore shar ta damina ta kama bakin tagullar. Ya ce irin wannan laimar ita take sa waya ta yi ƙara rabi ta katse, don akwati sai ya zaci an ɗauka. Ya kankare, ya mayar. Sannan ya je teburin karɓar baƙi, layi na 101, ya danna 102. Wayarka ta tsala ihu har ka zabura ka ture kofin shayi. Ya ce, "To, kan waya lafiya, igiya lafiya, wutar ƙararrawar akwati ma lafiya. An sallami shaida ɗaya."

Ya wuce wurin akwatin sim, ya zare igiyarsa daga intakom, ya soka a mummunar wayarsa ta leda. Na buga. Ta yi ƙara tun kafin in sauke hannu. Duk da haka ya ce a cire sim ɗin a sa a salula a danna ##002#, don a goge duk wata karkatar da kira da wani ya taɓa sawa ya manta. Babu komai. Layi bai mutu ba, ba a rufe shi don rashin haɗa shi da lambar NIN ba, 'yan Nijar ba su ja komai ba, tsamiya kuma ta fita zakka. Na so ka je ka ba ta haƙuri.

Saura akwatin tsakiya. Yaron ya durƙusa gaban wayar 101, mai ɗan gilashi da ke nuna lokaci, ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, ƙarfe nawa a agogonka?" Ka kalli agogon da ka fi so a tambaye ka, ka ce sha ɗaya da minti arba'in. Ya ce, "A nan ƙarfe uku da minti arba'in ne na dare, ɗaya ga Janairu."

Ɗan Gwaggo, ban taɓa jin daɗin zance irin wannan ba tun ranar da jaki ya kayar da kai a hanyar Sandamu.

Ga yadda abin yake. Irin wannan akwati yana da tsari biyu, na rana da na dare. Da rana kira ya tafi teburin da aka ce, da dare ya tafi inda mai kwana yake. Agogon cikinsa ne yake gaya masa gari ya waye ko bai waye ba, agogon kuma wani ɗan batir mai kamar ƙwandala ne yake riƙe shi in an ɗauke wuta. Naku ya mutu tun ba a san ranar ba. Saboda haka kullum da safe, ƙarfe takwas, masinja ya ja janareta, akwati ya farka ya ce sha biyun dare ne, ɗaya ga wata, kowa ya kwanta. Sai ya ƙirga awa takwas kafin ya yarda safiya ta yi. Takwas da takwas? Ƙarfe huɗu na yamma, daidai lokacin da kake saka hula kana neman makullin babur. In kuwa wutar gari ta leƙo da rana aka juya layi, dare ya sake tsalawa daga farko. Wata uku cur kuna zuwa aiki cikin tsakar dare, kuna gaisawa da "ina kwana," ashe ku kaɗai kuka san gari ya waye.

Yaron ya ce to a ina aka ce kiran dare ya sauka? Aka bi igiya, ta fita ta taga, ta bi katanga, ta shiga ɗakin gadi.

Mun sami Baba maigadi a kan buzunsa yana ramuwar barci. Aka ce ina wayar ɗakin nan? Ya nuna wata tsohuwar randa a lungu da haɓa. An naɗe ta da bargo, an cusa a randa, an rufe da faifai, an danne da dutse. Na buga, sai muka ji wani siririn kuka daga ƙasa kamar ɗan akuya ya faɗa rijiya. Baba ya ce, "Kun ji ta ko? Tun bayan salla haka take, daga hantsi har la'asar. Ni da na kwana ina zagaye. Na ɗauka sau biyu. Na farko ya ce a ba shi manaja, na ce ya zo da ƙafarsa, manaja ba a ɗakina yake kwana ba. Na biyu ya yi ta Turanci, na ce masa amin, na ajiye." Aka ce me ya hana ka faɗa? Ya dube ka, ya ce, "Na gaya wa wannan. Ya ce wayar gadi ba ta ƙara sai da dare, mafarki nake, in rage cin goro."

A nan ne masinja, Allah ya yi masa albarka, ya tuna cewa ai wani lokaci in ana rufe tagogi, kafin a kashe janareta, wayar teburin karɓar baƙi takan yi ƙara, kai kuma ka ce, "An tashi, gobe ma rana ce." Ruwa ba ya tsami banza. Ni ban ce kai ka kashe batir ba, wannan ya fi ƙarfin iliminka. Amma mutumin da shiru ya yi wa daɗi ba ya gaggawar neman mai gyara, kuma maɓallin gefen nan ba da kansa ya tafi kan kashe ba.

Abin da ya rage mini dariya kaɗan shi ne da na tuna wane lokaci ne. Tsakiyar damina, lokacin da manomi yake neman taki kamar ruwa a Sahara. Mutum yana Baure ko Zango ko Mai'aduwa, yana so ya ji ko kaya sun iso, nawa buhu, kafin ya ɗauko kuɗinsa ya hau mota. Ya buga ya ji tana shiga, ba a ɗauka. Ba zai ce akwati ba ne, cewa zai yi mutanen nan sun ƙoshi, sun raina talaka. Wani ya biya kuɗin mota ya zo don tambaya ɗaya, wani ya juya ya tafi wurin wanda ke ɗaukar waya. Wayar da ta mutu murus ta fi wannan mutunci, don ita ko ba komai tana gaya wa mutum ya nemi wata hanya.

Kai da kake Badauri har kana yi mini gorin na zama ɗan Kano, ka dubi tarihin garinku. Macijin Kusugu da ake ta zagi shekara da shekaru, ko shi yakan bari a ɗebi ruwa ranar Juma'a. Kai rabin awa ka ware wa jama'a a yini, shi ma kana kan babur. Kuma a fada, tambari da kakaki tun kaka da kakanni suke kiran mutane, ranar hawan nan ma ka ji su har cikin ƙirjinka, ba a taɓa cewa batirinsu ya mutu ba. Bayajida da ya kashe maciji sarauniya guda ya samu. Yaron da ya kashe naka macijin, da ya faɗi ladansa, sai da ka yi ciniki da shi kamar kana sayen rago a kasuwar Mai'aduwa, har ka ce ai ba wani abu ya yi ba, agogo kawai ya saita. Batirin kuwa kuɗinsa bai kai na tsiren da ka ci a gabana ba ka ce bismilla ba. Ni na cika masa, na rubuta a cikin bashin da nake bin ka.

Ya sa sabon batir, ya gyara lokaci, ya mayar da juyin dare da rana ya zama sai an danna da hannu, ya ce a jona akwatunan biyu a inbata don kada su riƙa suma duk sanda wuta ta yi ƙyafta. Ya ce duk wata a sa wani ya bugo daga waje a ji, da rana sau ɗaya, da yamma sau ɗaya. Baba maigadi ya fito da wayarsa daga randa, ya ce a bar masa bargon.

Ba mu gama wanke hannu ba ta fara. Kira na farko wani dillali daga Zango, ya ce ashe kuna raye. Na biyu telanka, a kan cikon kuɗin ɗinkin babbar salla. Ina kallonka kana "to, to, in sha Allahu, ƙarshen wata," yatsanka kuma yana lallaɓawa gefen waya yana laluben ɗan maɓallin nan. Kada ka wahalar da kanka. Lokacin da ka fita alwala na ba yaron ɗari biyar ya ɗiga masa sufa gulu, a kan "da ƙarfi".

Ranar Litinin ƙarfe goma zan bugo. In ta yi uku ba ka ɗauka ba, Gwaggo zan kira, ita wayarta a ƙugu take ɗaure. Ka tanadi kuɗin shara na bana da na bara, da kuɗin batir, da ɗari biyar ɗin gulu.

Ubangidanka,
Ɗan Kawu, daga Kano.